Gahawar Neman Aure

Baffa Mifleh ya karɓi finjalin gahawa ya dire a kan tebur bai kurɓa ba, kamar yadda kowane mai neman aure ke yi a garin Madaba na ƙasar Larabawa. Suhaib ya sauke numfashi. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba: baffansa ya roƙa masa auren Rawan, mahaifinta Abu Nayif ya ce "sha gahawarka", shi ke nan.

Sai dai Baffa Mifleh tsohon malamin Turanci ne, kuma tun da ya yi ritaya bai samu jama'a sun yi masa tsit haka ba.

"Abu Nayif," ya fara, yana nuna finjalin, "ka san abin nan da Turawan Ingila ke kira kofi namu ne?"

Suhaib ya zungure shi da gwiwar hannu, amma Baffa ya ci gaba.

"Ƙahwa ce da Larabcinmu! A bakin kakanninmu da can sunan giya ne ma."

Liman da ke zaune a gefe ya yi gyaran murya. Wani dattijo ya ce, "A'uzubillahi, a gidan mutane?"

"Baffa," Suhaib ya raɗa masa, "Rawan."

"Yi shiru yaro, ina zuwa. Turkawa suka ɗauka suka ce kahve. Yau Bature kofi ne abin shansa, kofi ne launin rigarsa, ko godiya babu!"

Bayani ya yi daɗi, maƙogwaro ya bushe. Baffa Mifleh ya miƙa hannu ya ɗauki finjalin ya shanye tas, har da lashe leɓe.

Kowa ya zuba wa finjalin ido. Wanda ya sha kafin ya roƙa, ai ya nuna ba ya da buƙata ke nan. Suhaib ya ji kamar ya fashe da kuka a gaban surukai.

"Malam Mifleh," in ji Abu Nayif, "ashe gaisuwa kawai kuka zo. To mun gode, a gaida gida."

Baffa ya dubi finjalin, ya dubi Suhaib, kunya ta rufe shi. "Wallahi ƙishirwa ce. A ƙaro wani in sake daga farko, don ko wajen mutanen Holan da suka kai wa Ingila kalmar ban kai ba."

Abu Nayif ya yi wuf ya riƙe hannun mai zuba gahawar.

"Kada ka zuba! Na ba ku Rawan. Liman, don Allah yi sauri ka ja Fatiha."