Robar da Aka Sa a Juye

Jirgin ya girmi manajanmu da shekara ashirin, shi ya sa ba ya ganinsa da gashi. Ni ma haka yake kallona.

Matsalar ita ce, da zarar jirgin ya lula sama sai iskar ɗakin fasinja ta fara zurarewa, kunnuwa su toshe, matuƙi ya sauko dole. Sau uku ke nan. Ranar Litinin manaja ya tsaya bakin rumfar gyaran jirage, ko shigowa bai yi ba don kada mai ya taɓa takalminsa.

"Baba, a gano ta kafin Alhamis. In kuma aikin hannunka ne, ka yi haƙuri, lokacin hutu ya yi."

Hutu wai! A ina? Ɗakin da babu mai yi mini sannu da zuwa?

Wannan aikin na mutum biyu ne: ɗaya a ciki yana kallon allurar awo, ɗaya a waje yana bin jikin jirgi da ruwan sabulu, yana neman inda zai yi kumfa. Shekara talatin ni da Dogo muke yinsa, har ya rasu wata huɗu da suka wuce. Ba a kawo kowa a madadinsa ba. Sai in hura iska, in fito da gudu da bokiti, in koma in tarar allura ta kwanta. Na shafe ƙofa, tagogi, har gindin kujerar matuƙi. Ko kumfa ɗaya. Na zagi jirgin, na zagi bokitin, na kama kaina ina ce wa Dogo, "Kai ma ka ce wani abu mana." Wallahi kewarsa ta hana ni cin abinci ranar.

Laraba da hantsi na daina neman huda. Can wajen wutsiya akwai bawul da ke sakin iska, man haidirolik ne ke tura shi ya rufe. In man ya yi rauni, bawul ba zai rufu ruf ba. Na rarrafa ciki da tocila a baki, gwiwoyina suna ƙara. Ƙarƙashin silindar da ke tura bawul ɗin akwai jan ɗigon mai, bai fi ƙwayar wake ba.

Sai na ga wayar da ke ɗaure notin silindar. An murɗa ta ta hagu. Duk rumfar nan mutum ɗaya ne bahago, kuma murɗinsa tsaf kamar kitso. Na daɗe ina kallonta kafin in sa filaya in yanke.

Robar ciki da ke tare man a juye take. A shekararsa ta ƙarshe idanun Dogo sun yi rauni, na sani, na yi shiru. Kuma tsarinmu tun muna samari, shi ke shiga lungu saboda tsawon hannu, ni mai lasisi in sa hannu a littafi. Ban taɓa leƙa aikinsa ba. Ai cin fuska ne.

Na sa sabuwar roba, na ɗaure, na hura iska. Allura ta hau ta tsaya cak. Minti goma ina zaune a kujerar fasinja ni kaɗai, ba ni da wanda zan gaya wa.

Manaja ya zo da yamma, ya juya tsohuwar robar a tafin hannu.

"Aikin marigayi ne, ko? Faɗa mini kawai in rubuta, magana ta mutu. Shi ba abin da zai rasa."

Gaskiya ya faɗa, kuma sauƙi yake nema mini. Amma matar Dogo tana zuwa nan duk wata ta gaishe mu, kuma a rumfa magana ba ta kwana.

"Buɗe littafi," na ce. "Sunan wa ka gani?"

"Baba, ka san abin da hakan ke nufi."

"Na sani. Ai ni ba kurma ba ne ranar Litinin."

Alhamis jirgin ya tashi lafiya. Ina tashar mota da akwatin kayan aikina tsakanin ƙafafu na ji ƙararsa ta wuce, kuma bai dawo da wuri ba.