Tsawon Hannun Baba

Malam Ubale mutum ne da Allah bai koya wa roƙo ba. Tun yana yaro, lokacin da ruwan Tiga ya cinye tsohon garinsu aka kwaso su zuwa tudu, ya kama sana'ar su, wato kamun kifi, kuma da ita ya ci da gidansa har furfura ta fito. Ko gishiri ya ƙare, gara a ci miya lami da a aika maƙwabta. To, irin wannan mutum ne hawan jini ya kayar wata safiya a bakin ruwa, aka ɗauko shi ɓarin jikinsa na hagu a shanye.

Hannun dama ya tsira, amma tsira ta rabi da rabi. Yana rawa, kuma ba ya ɗaguwa sama sosai. Aka shimfiɗa masa katifa a kan dakalin ɗaki, matarsa Inna Safara'u tana jinya. Abinci da sauƙi, don yana da lokacinsa. Ruwa ne matsalar, domin ƙishirwa ba ta da agogo. In an ajiye moɗa a ƙasa ta yi masa nisa. Ya taɓa miƙawa ya rikito da ka, ya fasa leɓe. In an ɗora ta a kujerar tsuguno ko a kan bulo, hannun nan mai rawa sai ya ture ta ta zame ta kife. Dole dai sai ya kira wani ya ba shi a baki. Shi kuwa Ubale ba zai kira ba. Sai ya kwanta leɓe a tsattsage, Inna tana tsakar gida tana daka, in ta leƙo ta tambaya ya ce shi ba ya jin ƙishi. Ma'aikacin asibiti ya faɗa ya sake faɗa cewa rashin shan ruwan nan zai taɓa masa ƙoda. Taurin kai dai ba a yi masa allura.

Autansu Muhuyi yana shekarar ƙarshe a wata makarantar koyon sana'a a wajen Kiru, sashen kafinta. Aikin jarrabawar fita da aka ba su shi ne ɗan teburin gefen kujera, irin wanda ake ajiyewa a falo kusa da kushin. Gidan su Muhuyi babu falo balle kushin, amma wa ya tambaye shi? Kowane ɗalibi kuma shi zai kawo katakonsa.

Da ya zo gida da maganar, Baba ya ce, da harshen nan nasa da ya yi nauyi, “Je ka bakin ruwa. Jirgina na katakon maɗaci ne. Fasa shi.”

“Haba Baba, in ka warke fa?”

“Kai, bar zancen yara. Ni na gama hayewa. Takardar nan da za su ba ka ita ce jirginka.”

Muhuyi ya fasa kwale-kwalen yana hawaye. Yawancinsa ruwa da rana sun riga sun ci, sai 'yan alluna kaɗan ya samu masu lafiya, daidai aikin ba ƙari. A ransa kuwa ya ƙulla cewa teburin nan na Baba ne: ya ci jarrabawa da shi, ya kawo shi gefen katifa.

Malaminsu, Malam Ja'afar, dogo ne mai tef ɗin awo a wuya kamar carbi. Ba mugu ba ne, amma a wurinsa awo shi ne addinin kafinta. Ya zana teburin a allo, tsayinsa inci ashirin da biyu, ya ce masu dubawa daga Kano da tef za su fara gaisawa da aikin kowa kafin su dubi kyansa. Wanda ya kauce wa awo, ya sake dawowa baɗi.

Muhuyi ya yi aikin kamar zai ba shi rai. Da ya fara kankare katakon, ƙarnin kifi ya tashi ya cika ɗakin aiki, 'yan aji suka sa masa suna Teburin Karfasa. Bai kula su ba. Ya huda ramukan ƙafafu da cizal, ƙarfen sassaƙa, ya fere harsunan da za su shiga, ya haɗa su da gam ba ƙusa ko ɗaya, don Malam ya ce ƙusa mafakar rago ce. Sau biyu haɗin ƙafa ɗaya yana ƙin zama, sau biyu yana warwarewa ya sake. A saman teburin ya kewaya ɗan siririn katako ya yi masa leɓe, kamar bakin jirgi, yadda in an ture moɗa ba za ta zame ta faɗi ba. Malam Ja'afar ya shafa leɓen ya ce ado ne mai kyau, kuma bai taɓa awo ba, a bar shi. Da aka goge shi da samfefa aka shafa mai, sai jan maɗacin nan ya fito. 'Yan tsokana suka yi shiru.

Sai masu dubawa suka yi ta ɗaga ranar zuwa. A ce wannan mako, a ce na gaba. Kullum Muhuyi ya kira gida, muryar Inna ƙara dusashewa take yi. Da aka tsayar da Litinin, Inna ta ce masa Babansa yana ta tambayar abin da aka yi da jirginsa. Muhuyi ya je ya durƙusa gaban Malam Ja'afar ya roƙi ya kai teburin gida a gani.

“Ka dawo mini da shi yadda ka ɗauke shi,” in ji Malam. “Ko ƙwarzane ɗaya ban yarda ba. Kuma ka sani, bayan an duba, duk aikin jarrabawa sito za a kulle shi sai sakamako ya fito.”

“Har yaushe ke nan, Malam?”

“Sai bayan damina, in an yi sauri.”

Muhuyi ya naɗe teburin da tsohon bargo, ya rungume shi a bayan ɗan acaɓa, suka bi ta garin Ƙofa suka gangara gida.

Abin da ya tarar ya fi abin da ya ji a waya. Baba ya bushe, idanu sun faɗa, fatar hannu in an ja ba ta komawa. Amma da aka warware bargon, fuskarsa ta motsa. Aka kwantar masa da teburin a gefe ya shafa samansa, yatsansa ya tsaya a kan wani ɗan tabo baƙi.

“Nan nake ɗaure igiyar taru,” ya ce. “Ka iya, Muhuyi. Wallahi ka iya.”

Muhuyi ya ji kamar an ba shi takardar tun yanzu. Ya tayar da teburin kusa da katifa, ya cika moɗa ya ɗora, ya fita don ya san Baba ba zai gwada a gaban mutane ba. Ya laɓe a bakin ƙofa yana leƙe ta gefen labule.

Hannun ya tashi a hankali, yana karkarwa. Ya hau ƙafar teburin kamar mai hawan bishiya, ya kai leɓen, ya kama. Moɗar tana can sama da kafaɗarsa. Ya ƙara yunƙurawa, kan yatsunsa suka taɓo bakinta, ya jawo. Ta tuntsuro ta kan leɓen, ruwan ya sheƙo masa a fuska da ƙirji, moɗar ta gangara gindin dakali. Malam Ubale bai kira kowa ba. Ya lashi ɗigon da ya tsaya a gashin bakinsa, ya juya fuska bango.

Wannan lasar ita ta karya zuciyar Muhuyi. Ya zauna a gindin turmi ya haɗa kai da gwiwa. Wata nawa yana auna katako, bai taɓa tunanin ya auna hannun ubansa ba. Ya yi wa kushin ɗin da ba su da shi tebur.

Inna ta fito daga canza wa Baba riga, ta dube shi ta gane abin da ke ransa.

“Kul, Muhuyi. Ka bari a yi jarrabawar, in ya so ka rage shi.”

“Inna, kulle shi za su yi har bayan damina. Ki dube shi. Zai kai?”

Inna ta sa bakin zane ta share ido.

Mai sanyin zuciya zai zauna ya nemi wata dabara, ko ya zaga gari neman wani katakon da gam da cizal. Amma Muhuyi ɗan Ubale ne, kuma ya ga ubansa yana lasar gashin baki. Ya shiga ɗaki da tef, ya auna daga ƙasa zuwa inda hannun Baba yake kwanciya ba wahala. Baba ya rufe ido kamar mai barci. Muhuyi ya fito da teburin tsakar gida, ya aro zarto a maƙwabta, abin da gidan bai saba yi ba. Ya ja layi a kowace ƙafa daidai wa daida, yadda Malam Ja'afar ya koya masa. Ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, har ta huɗu.

Ya goge bakin yankan, ya mayar da teburin, ya cika moɗa, ya koma bayan labule. An daɗe. Sannan hannun ya miƙe, ya ture moɗar, ta zame ta tokari leɓen ta tsaya. Yatsun suka kewaye ta. Malam Ubale ya sha, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, bai ajiye ba sai da ya ga gindinta. Inna ta toshe baki da hannu.

“Muhuyi,” Baba ya kira. Rabon da ya kira wani har an manta.

Muhuyi ya shiga ya tsuguna. Baba yana kallon ƙafafun teburin.

“Ina sauran?”

“Suna waje, Baba.”

“Litinin me za ka nuna wa mutanen Kano?”

Muhuyi ya sunkuyar da kai.

“Na ba ka jirgina don ka haye,” in ji Baba, “ka juyo da shi ka dawo mini gaɓa. Wa ya aike ka? Wa ya ce maka ina jin ƙishi?” Hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskar da ke da rai. “Tashi ka ba ni wuri.”

Har ranar Lahadi bai sake yi masa magana ba. Muhuyi ya zuba guntayen ƙafafun nan huɗu a leda, don ba shi da wani abin da zai ajiye gaban Malam Ja'afar. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya yi sallama, ya ce zai koma. Shiru. Ya ƙara cewa a yi masa addu'a. Shiru.

Ya juya da ledarsa. Ya kusa kaiwa zaure sai ya ji wani ɗan sauti daga ɗakin: ƙarar gindin moɗa da aka dire a kan katako. Inna kuwa tana can bakin murhu, ba wanda ya kira ta.