Ɗan Sandan Cikin Mota

"Ba zan cire ba, Kawu."

A hankali na faɗa, amma sai da garejin ya yi tsit. Mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa. Kawu, ƙanen mahaifiyata kuma mai garejin, ya tsaya da tsumma a hannu yana kallona.

"Injiniya, ban ji ba. Ƙarar inji ta toshe min kunne."

"Ba injin da ke aiki, Kawu. Cewa na yi ba zan cire ba."

Motar da ake magana a kanta tana tsakaninmu, baƙa wuluk, cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Mako uku muka yi muna ƙara mata ƙarfi. Su Kawu suka sauya mata turbo da salansa, ni kuma na zauna da kwamfuta na sake tsara ƙwaƙwalwarta, har ƙarfinta ya kusa ninkawa. Mai ita shi ne Guguwa, shugaban masu wasan mota da ke taruwa ran Asabar a wani tsohon filin ajiye tireloli. Mutum ne mai fara'a, bai taɓa shigowa bai gaisa da kowa ba.

Abin da yake so a cire kuwa na'urar hana santsi ce. A gindin kowace taya akwai ɗan ido mai lura da juyinta. In taya ta fara juyin banza ba ta kama ƙasa ba, sai ƙwaƙwalwar motar ta rage wuta, ta ɗan taɓa birki, kafin direba ma ya farga. Masu wasa suna kiranta ɗan sanda, don ita ke hana su watsa bayan mota a kwana. Akwai maɓallin sa ta barci, amma duk lokacin da aka kashe mota aka sake tayarwa, sai ta farka. Guguwa so yake a kashe ta har abada.

Na juya wurin Guguwa, wanda ke tsaye a gefen motar, na ce, "Yallaɓai, daƙiƙa biyar ce fa. Ka danna, ka riƙe, shi ke nan."

"Ƙanwata, ba ki ga abin da ya same ni ba," in ji shi, yana dariya mai ciwo. "Makon jiya mota ta mutu min a bakin layin fara gasa. Na sake tayarwa, na manta da maɓallin. Ina shiga kwana ta shaƙe ni a gaban jama'a. Har yau waya ake min, wai ɗan sanda ya kama Guguwa."

Na tausaya masa, wallahi. Amma ranar da nake jan waya ta ƙarƙashin kujerar baya, na ci karo da wani ɗan takalmi ruwan hoda wanda bai cika tafin hannuna ba. Kuma motar tana da maɓallan da ke ajiye zaman kujerar direba iri biyu. Da na danna na biyun, sai kujerar ta matso gaba har gwiwata ta taɓa sitiyari.

Na tambaye shi, "Wa ke tuƙa ta ran Litinin?"

Ya sosa ƙeya. "Madam takan ɗauka, ta kai 'yarmu makaranta. Ai ita ba ta gudu. Kunkuru ma sai ya yi mata hon."

"Ba gudu ba ne, Yallaɓai. A yi yayyafi, ta zo fita daga mahaɗa, ta taka totur yadda ƙafarta ta saba. Motar da ta sani ba ita ce wannan ba. Kai in baya ya watse ka san yadda za ka tare shi. Ita fa? Wannan farkawar da ke ba ka haushi, saboda ita aka yi ta."

Na ce ya ba ni mako biyu in yi masa makulli na daban, nasa shi kaɗai, wanda in ya tayar da shi ɗan sandan ba zai tashi ba. Ya ce gasa jibi ce.

Kawu ya kira ni ofis. Ɗan ɗaki ne mai warin man giyar mota, da kalandar kamfanin batir a bango.

"'Yar nan, zauna. Kin san mutum nawa ke cin abinci a garejin nan? Rabin motocin da ke layin ramin gyara can na abokansa ne. Motarsa ce, iyalinsa ne. Mu masu gyara ne, ba alƙalai ba."

"Hannuna ne zai yi aikin, Kawu."

"Hannun da na kai makaranta! Lokacin da dangi ke cewa me mace za ta yi da sifana, wa ya tsaya miki?"

"Kai ne. Ban manta ba."

"To tashi ki yi abin da na ce. In ba haka ba, ni da kaina zan zare fis ɗin da ke ba na'urar wuta. Tun ba a haife ki ba nake kashe fitilun dashbod."

A nan ne na yi abin da har yau yake damuna. Ƙofa a buɗe take, kuma na ɗaga murya.

"Ka zare fis ɗin, ka zare har da na'urar da ke hana birki ƙamewa! Ido ɗaya suke amfani da shi. Wannan ba irin motocin zamaninku ba ce, Kawu!"

Kowa ya ji. Mai fenti ya sunkuyar da kai yana goge abin da ba ya buƙatar guga. Kawu ya ninke tsummansa gida huɗu, ya ajiye a kan tebur.

Bai zare fis ɗin ba. Wannan na shaide shi. Guguwa ya karɓi makullinsa, ya ce min, "Ba komai, ƙanwata," ya kai motar wani gareji a bayan gada, aka yi masa kafin la'asar. Cikin wata ɗaya abokansa suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ramin da a da sai an yi layi, ya koma wurin shanya tsummoki. Wata safiya Kawu ya miƙo hannu ya ce in ba shi makullin ɗakin kwamfuta, in ɗan huta a gida.

Ban huta ba. Na ɗauki kwamfutata da igiyarta a jaka, na shiga bin garejojin gefen titi ina duba motocin haya. Ina durƙusawa a rana, direba na tsaye a kaina yana tambayar ko maigidan nawa zai iso. Wasu sukan ce, "Au, ke ce kika kori Guguwa?" Sai in ce ni ce, a buɗe bonet.

Mama ta yi ta fama in je in ba ƙanenta haƙuri. Na je. Na durƙusa na ce ya yafe min ɗaga murya da maganar zamani, don ban kyauta ba. Ya ce, "Sauran fa?" Na ce sauran yana nan yadda yake. Ya ce, "Na ji," ya mayar da kansa cikin inji.

Rannan da safe, ana yayyafi, ina tsaye a bakin danja sai ga baƙar motar. Matar Guguwa ce a ciki, ta matso da kujera har ƙirjinta ya kusa taɓa sitiyari, yarinyar na baya ta manna hanci a gilashi. Na ƙwanƙwasa. Ta sauke kaɗan, a tsorace.

"Yaya, don Allah in ƙasa ta jiƙe ki riƙa taka totur a hankali. An cire mata abin hana santsi."

"An cire me?"

Danja ta ba da hannu, na baya suka dame ta da hon. Ta ja motar sannu a hankali, ta sha kwana lafiya lau, ta ɓace.

Ban ji wani abu ya same su ba, kuma kullum addu'ata kada in ji. Don haka ba ranar da wani zai zo ya ce min na yi gaskiya, na kuma haƙura da wannan. Abin da na rasa dai na san shi: aikina, da ɗakin da na shirya da hannuna, da Kawu. Wata bakwai ke nan, in na gaishe shi yana amsawa, amma bai sake kirana Injiniya ba.