Wasiyyar Inno Kan Wanka da Makara

"Kai, wannan kunun ai na marasa lafiya ne! A kawo mini makala mai zafi," in ji Inno, tana ture kofin.

Matan da suka cika ɗakin suka tuntsire da dariya. Likita ya riga ya ce a mai da ita gida a yi ta addu'a, amma bakin tsohuwar nan ko gezau. Duk unguwar Kilomita Biyar an san shi.

Zuwaira, maƙwabciyarta mai suyar makala, wato fanken garin nan, tana raɓe a bakin ƙofa da kwano a hannu. Tun ranar da Luqman mai taksi-moto ya ɗauko ta a babur daga unguwar Miskine, ya kauce hanya ya yi mata fyaɗe, unguwa ta yanke hukunci: me ya kai ta hawa bayan namiji ita kaɗai? Shi kuwa gogan yana nan yana zuga babur a Titin Koudoukou, har sahun gaba yake samu a masallaci. Ita aka daina gayyata suna da biki, abin kuma yana ci mata rai ƙwarai.

"Shigo mana, 'yar nan, kin tsaya kamar baƙuwa." Inno ta gutsuri makala, ta lumshe ido. "Nzoni mingi, daɗi ba a magana! Wallahi hannunki albarka. A kira mini Alhasan."

Ɗanta ya shigo ya durƙusa. "Ga ni, Inno."

"Buɗe kunnenka, wasiyya zan yi. In na cika, Zuwaira ce za ta yi mini wanka."

Matan suka kalli juna. Wankan gawa a unguwar nan sai macen da aka yarda da tsarkinta da amanarta. Hafsat, wadda ta saba yi, ta gyara zama. "Inno, mutane fa za su yi magana."

"Su yi mana, ai lokacin ba na ji!" Dariya ta sake ɓarkewa. "Ke Hafsat, in ɓarawo ya fasa shagon mijinki, shagon ake kaiwa gaban alƙali?"

Inno ta juya wajen Alhasan.

"Na biyu, kada Luqman ya taɓa makarata. Kuma a gaban jama'a za ka gaya masa. Ku maza kun san abin da ya aikata, kuka yi gum, kuna shan shayi da shi. Har da kai."

Alhasan ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ne, Inno."

"To, madalla. A miƙo mini yaji."

Ta cika ranar Alhamis da hantsi, da salati a bakinta. Zuwaira ta yi wankan, Hafsat na zuba mata ruwa. Can Hafsat ta raɗa mata, "Yi a hankali, kin san halinta, yanzu sai ta tashi ta ce ruwan ya yi sanyi." Suka yi dariya, hawaye na zuba.

Da aka fito da makara, Zuwaira ta leƙa ta tsagin ƙofa. Luqman ya kutso ya miƙa hannu, Alhasan ya cafke shi.

"Ba kai ba. Ka san abin da ka yi wa Zuwaira, mu ma mun sani."

Kowa ya ji, babu wanda ya tsaya masa. Maza suka rufe gurbin, makara ta wuce ta bar shi a tsaye.

Zuwaira ta koma tsakar gida, zuciyarta wasai, ga kewar tsohuwa. Hafsat ta matsa ta ba ta wuri a tsakiyar tabarma, ta jawo hannun rigarta da ya jiƙe, tana matse mata ruwan a hankali.