Sabbin Lasifikokin Direba

Ranar da aka kawo lasifikokin, sai da aka ɗage labulen falo aka ja teburin Malama gefe kafin kwalayen su shige. Guda biyu ne, kowace ta kai wa mutum ƙugu, baƙaƙe wuluk, suna ƙamshin sabon katako. Mai gidan, wanda kowa ke kira Direba, ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa jirgin ƙasa, kuma tun kafin ya yi ritaya yake gaya wa duk wanda ya tsaya sauraronsa cewa kunnen da ya sha ƙarar ƙarfe shi ma yana da hakki. To ga ranar biyan hakkin ta zo.

Malama, matarsa, tana zaune da tarin littattafan ɗalibanta da jan biro. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Baban yara, waɗannan lasifika ne ko akwatunan zuba kaya?"

"Ke dai bari ki ji. Yau har mai ganga zai shigo ɗakin nan ya gaishe ki."

Ya durƙusa bayan kabad, gwiwoyinsa suna ƙara, ya zare wayoyin tsofaffin ƙananan lasifikokinsa ya soka su a bayan sabbin. Na'urar da ke tura sauti cikin lasifika, wato amfilifaya, tana nan inda take tun shekarar da aka haifi babbar 'yarsu. Fuskarta ruwan azurfa ce, kullum sai ya goge ta da tsumma na musamman da ba wanda ya isa ya taɓa. Ya saka faifan da ya fi so, ya koma kujerarsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Waƙa ta fito, amma siririya. Gangar da yake jira ta girgiza masa ƙirji ta zo kamar ana buga murfin tukunya da cokali. Ya tashi ya ƙara sauti. Ya sake ƙarawa. Ba a yi minti goma ba sai aka ji ƙas, ɗaki ya yi tsit. Ya ɗora hannu a kan amfilifayar ya janye da sauri.

"Mai gangar ya fasa shigowa ne?" in ji Malama, ba ta ko ɗago kai ba.

Da na'urar ta huce ta dawo da kanta, ta yi waƙa ɗaya da rabi, ta sake ɗaukewa. Haka aka yi ta yi har la'asar.

"Ka kira Auta mana," in ji Malama.

Auta ƙanwarta ce, tana da shagon gyaran rediyo da talabijin a layin masu gyara, kuma har daga wasu unguwanni ake kawo mata aiki. Sai dai tsakaninta da mijin yayarta ba a gama magana ba tare da tsokana ba.

"Wa? Yarinyar da nake saya wa alawa?"

"Yarinyar ta cika arba'in, 'ya'yanta uku."

"Ko ɗari ta cika. Ni da na ja tarago ashirin, waya biyu ba za su gagare ni ba."

Washegari ya ɗauko fankar tebur ya saita ta a kan amfilifayar. Dabarar ta ɗan yi aiki, domin an kai waƙa uku kafin ta ɗauke, amma rabin abin da ake ji kukan fanka ne, kuma iska ta kwashe takardun jarrabawar Malama ta watsa su ƙarƙashin kujeru. Rana ta uku ya je wurin maƙwabcinsa mai fenti ya aro wata jibgegiyar amfilifaya irin ta taro, su biyu suka ɗauko ta suna nishi. Wannan kam ba ta san ɗaukewa ba. Ko kafin a saka faifai tana huci ssss kamar tayar da ta sace, da ya ɗan taɓa maɓalli kaɗan sai tagogi suka hau rawa, agogon bango ya karkace, kuliyar gidan ta fice ta taga ba a sake ganinta ba sai da yamma. Mai fenti ya ce ai haka ake so. Direba ya yi masa godiya sosai, suka mayar da ita inda suka ɗauko.

Ranar Asabar da hantsi sai ga sallamar Auta, jakar kayan aiki a kafaɗa.

"Yaya, an ce kana nan kana yi wa rediyo fifita, na ce bari in zo in duba mara lafiya."

Direba ya harari matarsa. Malama ta ce ita abinci kawai ta gayyace ta.

"Mutum yana zuwa cin abinci da sukudireba?"

"Naman gidanku tauri gare shi," in ji Auta. Ta riga ta tsuguna bayan lasifikar hagu, ta haska da fitilar wayarta. Sai ta fara dariya, irin wadda ke girgiza kafaɗa ba sauti.

"Mene ne kuma?"

"Yaya, zo ka gani da idonka, kada ka ce na yi maka sharri. Ja yana shiga ja, baƙi yana shiga baƙi. A ta dama ka yi daidai, a nan ka juya su. Ɗaya tana tura iska gaba, ɗaya tana janye ta baya, shi ya sa gangar ta ɓace a tsakaninsu."

"Duhu ne a bayan kabad ɗin."

"Na yarda. Wannan wayar fa, ita ma duhun ne? Zaren ɗinki ya fi ta kauri."

Ta zaro waya mai kauri daga jakarta, ta feƙe bakinta, ta murɗa, ta ɗaure ko'ina tsaf. Da aka saka faifan, gangar ta faɗo ɗakin da nauyinta. Direba ya miƙe tsaye bai sani ba.

"Shi ke nan! Dama na ce matsalar ƙarama ce."

"Zauna tukuna, rabi aka yi." Ta juyo da amfilifayar ta nuna masa wani ɗan rubutu kusa da inda wayoyi ke shiga. "Nawa ka gani a nan?"

"Takwas."

"A bayan lasifikar fa?"

Ya saka tabaransa ya leƙa. "Huɗu. To ai huɗu bai kai takwas ba, ya kamata ma ta ji sauƙi."

"A nan abin a juye yake. In lambar lasifika ta yi ƙasa, wutar da take ja ta fi yawa. Ka ɗauka ƙaramin kan jirgi ne, wanda aka yi shi don tarago shida, ka ɗaura masa goma sha biyu cike da siminti, ga hawa a gaba. Me zai faru?"

Direba ya san wannan sarai, ya taɓa ganin allurar ma'aunin zafin inji tana hawa yana addu'a.

"Zai ja," ya ce a hankali, "amma zai yi zafi. In direban bai da hankali ya ƙona inji."

"Ita da ta fi direbanta hankali, sai take tsayawa ta huta."

Malama ta tuntsure da dariya har biro ya faɗi. Shi kuwa ya shafa fuskar tsohuwar na'urar, ransa ya ɗan sosu. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa ba shi kunya ba, ga shi ya kwana uku yana azabtar da ita. Auta ta lura, ta rage murya ta ce na'urar lafiyarta ƙalau, da ƙananan lasifikokinta za ta ƙara wasu shekaru masu yawa. Nan take Malama ta ce a kai mata su ɗaki, dama ta gaji da jin labarai a waya.

"To sai in nemi babba?" in ji Direba.

"Babba ka aro, ka ga yadda kuka ƙare. Wadda ta dace za a nema. Ina da guda uku a shago, duk suna iya ɗaukar huɗu. Gobe zan kawo, kunnenka ya zaɓa."

Ta cika alkawari. Tun ana shigo da su idon Direba ya maƙale a kan wata mai shuɗayen fitilu da allurai biyu masu rawa. Ta biyu baƙa ce siririya. Ta ukun kuwa ko kallo na biyu bai yi mata ba, murfinta ya lotsa, fentin gefenta ya goge, maɓallinta ɗaya ma na wata na'urar ne aka aro. Auta ta fara janyo lasifikokin daga jikin bango kamar taku ɗaya, ta ɗan karkato su suna kallon kujerarsa, sannan ta jera amfilifayoyin a ƙasa, ta sauya musu jeri ba tare da ya gani ba, ta rufa musu zanin gado.

"Ba leƙe. Waƙa ɗaya, sau uku, sauti daidai wa daida."

Ta farko ta yi daɗi, sai dai muryar mawaƙiyar tana da kaifi, tana ɗan sukar kunne. Ta biyu ya ce a bari ta kai ƙarshe, kada a taɓa. Ta uku ganga ta yi yawa har ta danne jita.

"Ta biyu," in ji Malama daga bakin ƙofar kicin, kafin ya buɗe baki.

"Wa ya tambaye ki? Ta biyun dai. Mai fitilun ce, na sani, jikina ya ba ni."

Auta ta yaye zanin, ta nuna mai lotsattsen murfi.

"Kin yi mini maguɗi."

"Ga wayoyin nan, bi su da hannunka."

Ya bi su da hannu har sau biyu. Ya tsaya yana kallon abar, yana sosa ƙeya.

"Muninta ya yi yawa, Auta."

"Yayata ma haka aka ce mata a kanka, ga shi har yau tana nan."

Malama ta jefe ta da tsumman hannunta. Aka ɗora amfilifayar a kan kabad, Auta ta hana a ajiye komai a samanta don ta sha iska. Faifai ya yi ta juyawa har awa guda, Direba yana tashi lokaci lokaci yana taɓa murfin, ɗumi kawai yake ji kamar na kofin shayi da ya fara hucewa.

Ana cikin waƙa ta biyar sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Mayar baya kaɗan. Kun ji?"

Kafin mawaƙiyar ta shiga baiti na biyu, can baya ta hagu, wani cikin makaɗan ya yi wani ɗan sauti. Direba ya ji waƙar nan fiye da sau ɗari biyar bai taɓa sanin da mutumin a wurin ba.

"Tari ya yi," in ji shi.

"Dariya ce," in ji Malama. "Wani ya yi kuskure, shi kuma ya kasa riƙewa."

Auta ta ce atishawa ce aka danne. Aka mayar baya, aka sake mayarwa, kowa yana nan a kan bakansa. Direba ya leƙa ta taga ya ƙwala wa mai fenti kira ya zo ya raba gardama. Mai fenti ya shigo da burushi a hannu, ya saurara da kyau har da runtse ido, ya ce shi bai ji komai ba, a ƙara sauti.

"A'a!" suka ce su uku a tare.

Malama ta ce abinci yana hucewa, wanda zai ci ya taso. Auta da mai fenti suka bi ta. Direba ya ce yana zuwa, a zuba masa, bari ya sake ji sau ɗaya kawai.