Bustar Gwaggo

Kwana uku ke nan kira yana yankewa a unguwar bayan kasuwa, Oganmu a kamfanin waya ya kasa zama. Ya ajiye mini na'urar duba sigina a kan tebur.

"'Yar shiru, ki nemo abin da ke toshe mana layi, ki cire shi kafin a tashi aiki."

Sabis ɗinmu a tsage yake zuwa ƙananan layuka ɗaruruwa, suna jere a allon na'urar kamar haƙoran matsefi. Yau wani tsini ya taso a tsakiya ya danne na kusa da shi, yana ta rawa.

Na fita da eriyar hannu, ina juya ta hagu da dama. A wajen mai walda tsinin ya ragu. A wajen masu gyaran waya ya ƙaru. Wani ya ce, "Hajiya, aljanu ake nema?" Na sunkuyar da kai na ƙara sauri. Ina shiga layi na uku na tsaya cak. Eriyar ta nuna benen da Gwaggo take haya.

Sau biyu na wuce ƙofar kafin na hau. Gwaggo ta buɗe, ta kalli eriyar da ke hannuna.

"Ke da ba kya zumunci, yau da bindiga kika zo?"

Ga shi nan a saman firij, ƙaramin akwati mai koren fitila. Bustar ƙara sabis ce, ɗanta ya sa aka haɗa mata kafin ya tafi aiki a jirgin ruwa. Mai haɗawar ya kafa eriyar waje dab da ta ciki, sai akwatin yake jin muryar kansa yana ƙara ta, kamar lasifika a bakin makirfo.

"Gwaggo, wannan ne ya hana unguwa waya."

"Unguwa ta ci kanta. Yau Yayanki zai kira, ƙarfe huɗu. Sai bayan sati biyu kuma."

Saura minti ashirin. Wayata ta yi ƙara, Oga ne. Ban ɗauka ba. Na shiga ɗaki da na'urar, na fito, na leƙa baranda, na koma kicin. Gwaggo tana bina tana faɗa.

Na miƙa hannu na zare filogin. Tsinin ya kwanta, layukan suka daidaita. Sandunan sigina na wayar Gwaggo kuwa suka ɓace.

"Kin kashe ni, 'yar nan."

Na bi bango a hankali ina kallon allo. A tagar kicin, gefen tulun gas, sigina ta ɗago kaɗan.

"Tsaya nan. Kar ki matsa."

"A tsaye? Da gwiwar nan tawa?"

Na jawo mata turmi na kife, ta zauna. Huɗu ta yi. Huɗu da minti shida, wayar ta ɗauki ruri.

"Alo? Ɗaga murya, ƙanwarka ta mayar da ni kicin!"