Ƙofar da ke Wuyan Hannuna

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa a tabarma, barci ya sace ni, na yi wani mafarkin da har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Dama Larabar nan likita ya sa ranar da za a yi min aiki. Ya ce wata jijiya a zuciyata ta tsuke, za su zura siririyar roba ta wuyan hannuna na dama, ta bi jijiya har zuciya, su buɗe wurin. Ba yanka, ba ɗinki, in ji shi. Ni kuwa Ladidi, shekara ashirin da shida ina kitso da hannun nan, ban ji sauran bayanin ba. Hannun dama kawai na ji.

A mafarkin sai ga ni a wani asibiti, gadajen marasa lafiya duk a manne a rufi, ruwan da ake ƙara musu yana hawa sama ɗigo-ɗigo. Ba wanda abin ya dama. Wata akuya ce a teburin kati, da tabarau da farar riga. Na miƙa mata katina, ta tauna rabi, ta ba ni rabi.

"Wa ya kawo ki?"

"Zuciyata, Malama."

"To ita ta shiga, ke ki jira a waje. Wanne hannu za ki bari?"

Na ce ban zo barin hannu ba. Ta rubuta "dama" da ƙahonta, ta ce in wuce.

Sai ga ni gaban likita. Dogo ne sosai, kansa ya shige rufi, muryarsa kuma daga takalminsa take fitowa. Ya ce in dunƙule hannu, na dunƙule. Ya danne wuyan hannun da yatsu biyu, ya ce in buɗe, zai saki gefe ɗaya ya ga ko jini zai dawo tafin. In ya dawo, hannun yana da wata hanyar da zai sha jini, sai a ari wannan jijiyar a zura robar. Na buɗe. Tafin nan jawur da lalle har baƙi-baƙi. Yayata Tabawa ce ta ƙunsa min ranar Asabar, wai ba ƙanwarta da za ta je asibiti da hannu fari fat kamar marar gata.

Likita ya duba, ya sake dubawa. "Ba na ganin komai, Hajiya. Ko ya dawo, ko bai dawo ba."

"Likita, lalle ne! Bari in wanke."

Na goga da sabulu, na goga da toka, na dirza a bango. Ina dirzawa yana ƙara kamawa, har ya haura gwiwar hannu. Yaya Tabawa na zaune a kan fanka tana juyawa, tana cewa, "Kai, ya kama! Ban taɓa ganin lallen da ya kama haka ba." Tsoro ya hana ni ko harararta.

"Sai mu shiga a haka," in ji takalmin likita.

Wata 'yar ƙofar langa-langa ta buɗe a wuyan hannuna. Likita ya naɗe kansa ya shige, akuya ta bi shi tana jan robar, ni ma na bi su, duk da hannun yana jikina. Ciki wani lungu ne matsattse, ja, mai ɗumi, bangonsa na motsi. Muka haura kafaɗa, muka sha kwana, muka tarar da zuciyata zaune a bakin wata ƙofa da kitse ya toshe. Tsohuwa ce, tana haki. Ta ce, "Sai yanzu?" Likita ya hura robar da baki, ƙofar ta buɗe, jini ya wuce da gudu yana sallama. Rabona da in ja numfashi irin wannan tun bara.

Da muka fito, akuya ta rufe ƙofar ta sa kwaɗo. Na duba hannuna. Yana nan, amma ya yi sanyi, yatsun sun miƙe sun ƙi lanƙwasa. A tsakar gidana kuma mata sun yi layi har waje, kowacce da rabin kai a tsefe. Ta gaba ta zauna, ta ɗora kanta a cinyata. Na ce wa yatsuna su kama gashi. Babban yatsa ya juyo ya ce, "Baiwar Allah, mun san ki ne?"

Na buɗe baki zan yi ihu, sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi da ƙara, na farka sharkaf da gumi.

Hannun dama ba ya motsi. Ashe a kansa na kwanta. Na ɗaga shi da na hagu, ya faɗo yaraf, na yi ta salati ina murza shi har ya fara yam-yam, yatsun suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Na ƙwala wa 'yata kira.

"Hansatu! Ɗauko kibiya ki zo ki zauna."

"Umma, ai shekaranjiya kika yi min kitson nan."

"Tsefe shi," na ce.